Wane Wasa Ne Ya Fi Wuya?

Jawabin da wani ɗan'uwanmu ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban ɗakin taro na makaranta.

 

Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban Ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa, Shugaban Makaranta da malamansa, iyayenmu malamai waɗanda suka koyar da mu, Allah kuma ya ja da ransu har suka ga wannan rana, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yanmu ɗalibai na yanzu da ke zaune can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya.

Da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi magana bana, na ɗauka zai ce in yi bayani a kan fansho ko hawan jini, tun da su ne suka fi damun tsararrakinmu. Ashe so yake in raba gardamar nan da muka fara tun muna aji uku, wadda har daren jiya a masauki sai da aka sake tayar da ita, wato wane wasa ne ya fi kowane wuya. Kyaftin ɗinmu na ƙwallon ƙafa, ga shi can yana murmushi, ya ce ƙwallon ƙafa. Ɗan'uwanmu da ya riƙa cinye mana gudun dogon zango ya ce duk wanda bai zagayo bayan gari da gudu cikin hunturu ba bai san wahala ba. 'Yan damben cikinmu kuwa dariya kawai suka yi. Dalilin da ya sa aka ɗora mini wannan alƙalanci shi ne an san ni da wata ɗabi'a: duk watan Maris nakan hana idona barci ina kallon gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. To, daga can zan ɗauko maganar, in Allah ya yarda kuma a filin wasan makarantar nan zan ajiye ta.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Lokacin da muke nan, ɗan ƙwallon ƙafa ne ni, lamba bakwai, kuma ba wanda ya kai ni raina 'yan ƙwallon kwando. Nakan ce musu filinsu bai fi tsakar gidan wani ba, wasansu kuma na dogaye ne marasa aikin yi. Wata ranar Laraba da la'asar Malaminmu na wasanni, Allah ya jiƙansa da rahama, ya ji ni ina wannan cika baki. Bai ce mini uffan ba, sai ya miƙo mini riga ya ce in shiga in yi minti goma. Jama'a, ban kai minti shida ba na nemi gindin dalbejiya. A ƙwallon ƙafa in ƙwallo ta tafi wancan gefe kana iya takawa a hankali ka ja numfashi. A nan kuwa mutum biyar ne kacal, kowa mai kai hari ne kowa mai tsaron gida ne, ka ruga, ka tsaya cik, ka yi tsalle, ka juyo da baya, ba wurin ɓuya. Malam ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya dai, lamba bakwai? Tsakar gidan ta yi maka faɗi ne?" Tun ran nan na kama bakina.

Shi wannan wasa wani malamin makaranta ne, James Naismith, ya ƙago shi a watan Disamba na 1891 a garin Springfield na Amurka, don ɗalibansa su sami abin motsa jiki a cikin ɗaki lokacin sanyi. Kwandunan 'ya'yan itace ya kafa a sama, tsayin ƙafa 10, kuma har yau tsayin ke nan. Wato a makaranta aka haifi wasan, a makaranta kuma ya girma. A 1939 aka fara gasar jami'o'i ta ƙasa baki ɗaya a ƙarƙashin hukumar NCAA, da makarantu 8 kawai, Jami'ar Oregon ta ɗauki kofi. A 1985 aka mai da su 64, a 2011 suka zama 68, waɗanda akan tsamo daga cikin makarantu fiye da 350 da ke rukunin farko. Wasu sukan shiga ne don sun cinye gasar shiyyarsu, sauran kuma kwamiti ne ke zaɓo su. Sai a kasa su gida huɗu, a kowane gida a jera su daga na 1 zuwa na 16 gwargwadon ƙarfinsu, a haɗa na 1 da na 16, na 2 da na 15, haka har a gama.

Abin da ya sa Amurkawa suke kiran gasar Haukan Maris shi ne sili ɗaya ƙwale ce. Ba gida da waje, ba ramuwa. Minti 40 ne a tsakaninka da komawa gida, in an doke ka ka naɗe tabarmarka sai baɗi, in kuwa shekararka ta ƙarshe ce a jami'a to shi ke nan har abada. Wanda zai ɗauki kofi sai ya ci aƙalla wasa shida a jere cikin mako uku. Kafin a fara, miliyoyin mutane sukan cika jadawali suna cankar wanda zai ci kowane wasa, har Shugaba Obama yakan cika nasa a gaban talabijin lokacin da yake kan mulki. Malamanmu na lissafi za su tabbatar mana cewa wasa 63, kowane yana iya faɗawa ɗayan gefe biyu, hanyoyin cika jadawalin sun haura biliyan 9 sau biliyan ɗaya. Ni ma nakan cika nawa, amma da fensir, kuma ko kwabo ba na sawa, don kada wani ya fita daga nan ya ce na yi wa caca talla.

Yadda aka yi na kamu da son gasar kuwa, a 1983 ne, ina karatu a Amurka. Mu 'yan Nijeriya da ke can ba mu da zance sai na wani yaro ɗan Legas, Hakeem Olajuwon, da ke yi wa Jami'ar Houston wasa. Ƙungiyarsu ita ce ta ɗaya a ƙasar, ta ci wasa 26 a jere kafin ta zo wasan ƙarshe. Abokan karawarsu, Jami'ar Jihar North Carolina, an doke su sau 10 a wannan kaka, ba wanda ya sa su a lissafi. Ran 4 ga Afrilu muka cika ɗakin kallo na ɗalibai, kowa ya shirya murna. Ana saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, maki 52 da 52, sai wani ɗan North Carolina ya cillo ƙwallo daga nesa, ba ta ma kai kwando ba. Abokinsa Lorenzo Charles, wanda ke tsaye a ƙarƙashin kwandon, ya cafke ta a sama ya dankara ta ciki, aka busa tashi, 54 da 52. Olajuwon ya ci maki 20 a daren, har shi aka ba kyautar gwarzon gasar duk da an doke su, amma kofi ya tafi. Ban ci abincin dare ba ran nan. A 1984 suka sake zuwa wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Bayan shekara 41, a 2025, na sake zama har wajen asuba ina kallon Houston a wasan ƙarshe, Florida ta doke su 65 da 63, maki biyun nan dai. Uwargida ta ce ni da Houston sai addu'a.

Irin wannan ba sau ɗaya ba ne ba sau biyu ba. A 1985 Villanova, wadda aka jera ta 8 a gidanta, ta kayar da Georgetown mai riƙe da kofi 66 da 64, don cikin jifa 28 da ta yi a wasan 22 sun shiga. A 2018 wata ƙaramar jami'a, UMBC, wadda aka jera ta 16, ta lallasa Virginia ta ɗaya 74 da 54, abin da ba a taɓa gani ba a gasar maza tun da aka fara wannan jeri. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Amma ku ji ƙarshen labarin, musamman ku ɗalibai: 'yan Virginia ɗin nan da duniya ta yi wa dariya, su ne suka dawo a 2019 suka ɗauki kofin. Sai mutum ya san haka zai gane girman abin da koci John Wooden ya yi da Jami'ar UCLA, kofi 10 daga 1964 zuwa 1975, bakwai daga ciki a jere.

To, mu dawo kan gardamarmu. Ba mu kaɗai muke yin ta ba. A 2004 gidan talabijin na wasanni na ESPN ya tara masana takwas, ya ba su wasanni 60 su auna su da ma'auni goma, irin su juriya, ƙarfi, gudu, zafin nama, laushin jiki, ƙarfin zuciya, jure bugu, daidaituwar ido da hannu, da kaifin tunani. Da aka tara maki, damben zamani ne ya zo na ɗaya, hokin ƙanƙara na biyu, ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga na uku, ƙwallon kwando na huɗu, kokawa ta biyar. Kyaftin, ka yi haƙuri, ƙwallon ƙafa ta goma ta zo. Na ga 'yan dambe sun fara gyara zama, kuma suna da hujja, domin a cikin manyan wasanni shi ne wanda in ka yi kuskure a fuskarka za a rubuta maka sakamako, ga turmi 12 na minti uku-uku. Ƙasar nan ta san daɗinsa, Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger a 1962.

Amma kafin su yi nisa da murna, ku tambaye ni wane wasa ne masanan suka ajiye na 60, wato mafi sauƙi. Kamun kifi! Nan na gane iyakar wannan awo. Su abin da suka sani shi ne mutum ya zauna a kwalekwale da ƙugiya da lemo a gefe. A kai su Argungu, a ba kowannensu homa da gora, a ce ya faɗa Matan Fada cikin dubban masunta ya fito da giwan ruwa, sa'an nan a dawo a sake ba da maki. Haka kuma ba su auna damben gargajiya irin na su Shago ba, ba su auna langa ba, wadda za ka riƙe ƙafa ɗaya da hannu kana tsalle da ɗayar ana bangazarka. Kowane mai awo da irin mudun garinsu yake awo.

Akwai wata hanyar gwaji da ta fi ta masana, ita ce a ɗauki gwanin wani wasa a kai shi wani. Michael Jordan, wanda da yawa suke ganin ba a yi kamarsa ba a ƙwallon kwando, ya koma wasan besbol a 1994, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki. A ƙaramin rukuni ma ya buga, amma cikin kowane karo biyar da ya tsaya duka, kusan sau ɗaya kawai yake dacewa. A 1995 ya dawo gidansa na tsamiya, ya ƙara cin kofi uku. Usain Bolt, wanda ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, ya je gwajin ƙwallon ƙafa a wata ƙungiya ta Ostireliya a 2018, aka rabu ba a sa hannu a kwantiragi ba. Ɗan ƙwallon ƙafa yakan yi gudun kilomita 10 ko fiye a wasa guda, ɗan ƙwallon kwando bai kai rabin haka ba, amma ga ni nan shaida, minti shida suka gama da ni. Saboda haka hukuncina, Malam Sakatare, shi ne kowane wasa da inda yake ɓoye wuyarsa, kuma daga bakin fili ba a ganinta. Wanda ya fi wuya a wurin kowa shi ne wanda bai taɓa shiga ba. Na san ba wanda zai gamsu, baɗi ma za a sake.

Sai dai akwai abin da na tsinta cikin shekarun da na yi ina bin wannan gasa wanda ya fi gardamar amfani, shi ne ainihin abin da ya kawo ni gabanku. Shi Olajuwon bai tashi da ƙwallon kwando ba. Gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan ƙwallon hannu. Yana ɗan shekara 15 makarantarsu ta horon malamai ta Musulmi da ke Legas ta zo gasar wasannin makarantun horon malamai a Sakkwato, shi yana cikin 'yan ƙwallon hannu, sai aka roƙa aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Daga nan ne fa, daga Sakkwaton nan tamu. Bayan shekara shida, a 1984, shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, Jordan na uku. Ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, yana kuma yin wasa da azumi a bakinsa in Ramadan ya zo. Shi da kansa ya sha faɗin cewa iya taka ƙafar nan da ya gagari dogayen Amurka daga ƙwallon ƙafa ya samo shi, iya tare ƙwallo kuma daga tsaron raga.

Ba shi kaɗai ba ne. Joel Embiid na Kamaru ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa yake yi, sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, ya je Jami'ar Kansas, a 2023 aka zaɓe shi gwarzon NBA. Masai Ujiri a Zariya ya tashi yana ƙwallon ƙafa kamar kowane yaro, sa'an nan ya faɗa hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai yi suna a cikin fili ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. A gasar jami'o'in ta 2023 kuma, wani yaro ɗan Bamako ta ƙasar Mali, Adama Sanogo, shi ya zama gwarzo lokacin da Jami'ar Connecticut ta ɗauki kofi, yana azumi. Kada kuma a manta da 'yan mata: ƙungiyar matan Nijeriya ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025.

Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su. An ba su dama sun gwada wasa fiye da ɗaya tun suna yara, har suka gano wanda Allah ya ajiye musu rabo a ciki. Da makarantar su Olajuwon ƙwallon ƙafa kaɗai ta sani, da iyakarsa golan unguwa mai tsawo.

Yanzu ku tuna makarantar nan a zamaninmu. Ƙarfe huɗu in an kaɗa ƙararrawa ba mai zama a ɗakin kwana sai mara lafiya. Akwai ƙwallon ƙafa, akwai hoki, akwai ƙwallon raga, ƙwallon kwando, fayis, guje-guje da tsalle-tsalle, da dare kuma in farin wata ya fito a yi langa da kokawa. Kowane zango akwai gasar gidaje, kuma dole kowa ya wakilci gidansa a wani abu. Yaron da bai iya taka leda ba sai a ga ashe shi ne sarkin tsallen sanda. Yau da safe na zagaya filin. Dandamalin ƙwallon kwandon da ya kunyata ni ya farfashe, ciyawa ta fito ta tsakiya, ƙarfe ɗaya ya faɗi, ɗayan ba allo ba zobe. Bangon fayis ya tsage. Abin da ya rage sai filin ƙwallon ƙafa, yara ɗari suna bin ƙwallo ɗaya. Ban faɗi wannan don in zargi kowa ba, na san Shugaban Makaranta da malamansa suna fama da abin da ya fi wannan, daga kujeru har alli. Amma na tsaya ina kallon wasu dogayen yara a bakin fili sun harɗe hannu, don ba su sami shiga ba, na ce a raina wa ya san abin da ke tsaye a nan.

Waɗancan jami'o'i da nake kallo cikin dare, wasu daga cikin manyan ɗakunan wasanninsu da gudummawar tsofaffin ɗalibai aka gina su, su ne kuma suke cika kujeru sanye da launin makarantarsu, tsofaffi masu furfura irinmu. Mu ba a ce mu gina irin nasu ba. Roƙona uku ne. Na farko, wannan taro ya kafa ɗan ƙaramin kwamiti, a sa injiniyoyin cikinmu su auna abin da gyaran dandamalin ƙwallon kwando da na ƙwallon raga da bangon fayis zai ci, su kawo mana kafin taron tsakiyar shekara. Na biyu, kowane aji na tsofaffin ɗalibai ya ɗauki wasa ɗaya ya zama uban gidansa, ya sayi ƙwallaye da raga da riguna, ya sa kofi. Na uku, a dawo da gasar gidaje a kan wasanni aƙalla biyar, a yi ta sili ɗaya ƙwale, a sa wasan ƙarshe ya dace da ranar taronmu don mu zo mu kalla. Ni na ɗauki alkawarin alluna biyu da zobba biyu na ƙwallon kwando, Sakatare ya rubuta, in biya bashin rainin da na yi wa wasan. Kyaftin da 'yan dambe kuma muna sauraronsu.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, kada ku ji labarin Olajuwon ku jefar da littafi. Mutum 60 ne kacal ko ƙasa da haka akan ɗauka a zaɓen NBA kowace shekara daga duk duniya, cikin dubban da ke wasa a jami'o'i. Yawancin sauran da takardar digiri suke neman abinci, kuma can ɗin ma wanda ya faɗi jarrabawa ba a barinsa ya sa rigar makaranta. Mu da muke nan ba wanda ya ci abinci da wasa, amma a filin nan muka koyi a kayar da kai ka tashi ka ba da hannu, muka koyi bin doka ko alƙali ya yi kuskure, a nan kuma muka ƙulla zumuncin da ya tara mu yau bayan kusan shekara 50. In an gyara filin, ku shiga kowane wasa ku gwada, kada ku tsaya a baki kuna cika baki irin na lamba bakwai.

Ina godiya ga malamanmu, waɗanda suka rasu Allah ya gafarta musu, ya sa Aljanna ce makomarsu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya. 'Yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu. In na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.